Yadda Balan-balan Ya Shiga Ɗakin Tiyatar Jijiyar Fuska

A asibitocin da ake tiyatar ƙwaƙwalwa akwai wani aiki wanda in aka kwatanta wa baƙo sai ya ɗauka zolayarsa ake yi. Ana sa majiyyaci barci, likita ya soka doguwar allura ta kuncinsa, ya bi da ita har gindin ƙoƙon kai, ya zura siririn bututun roba mai ɗan balan-balan a bakinsa, ya kumbura shi da ruwan da bai kai rabin ƙaramin cokali ba, ya bar shi ya danne jijiyar fuska minti ɗaya ko biyu, sannan ya zuƙe ruwan ya zare komai. Ba ɗinki, filasta kawai ake mannawa. Mutumin da ya yi shekaru ba ya iya tauna abinci ko wanke fuska sai da fargaba yakan farka ya tarar ciwon ya ɗauke. Abin da likitan ya yi kuwa, in ba za a ɓoye ba, rauni ya ji wa jijiyar da gangan. Ta nan masu suka ke kama aikin. Suna cewa a zamanin da aka gano musabbabin ciwon, aka kuma san yadda ake gyara shi jijiya na nan lafiya lau, me zai sa a ci gaba da murƙushe ta? Tambayar tana da nauyi, amma tarihin ciwon yana amsa ta. Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitoci ke neman awon raunin da zai sa jijiyar ta yi shiru ba tare da rabin fuska ya mutu ba, kuma balan-balan ɗin nan yana cikin mafi dacewar awon da aka samu, musamman ga majiyyatan da babbar tiyata ba ta karɓe su ba.

Jijiyar da ake magana a kanta ita ce ta biyar cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe, likitoci na kiranta tirijeminal. Rassa uku gare ta: ɗaya na kula da goshi da ido, ɗaya kunci da leɓen sama, ɗaya muƙamuƙi da leɓen ƙasa da gefen harshe. Ita ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin duk abin da ya taɓa fuska, kuma reshenta na ƙasa ke motsa naman tauna. Idan ta rikice, ciwo kan sari gefe ɗaya na fuska farat ɗaya, masu fama da shi sukan ce kamar wutar lantarki ce ta ja su, ya yi daƙiƙu kaɗan ko minti ɗaya zuwa biyu ya saki, ya sake dawowa. Abin da ke tayar da shi ƙarami ne ƙwarai: iska mai sanyi, goge haƙora, aski, magana, har murmushi. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, ya fi yawa a mata, kuma wani tsohon ƙidaya da aka yi a garin Rochester na jihar Minnesota ya nuna mutum huɗu zuwa biyar cikin 100,000 ke kamuwa da shi a shekara. Saboda yakan fito ta dasashi, haƙori ne ke fara biyan bashin da bai ci ba. A 1677 John Locke, wanda duniya ta fi sani da falsafa alhali likita ne, ya duba matar jakadan Ingila a Faris ya rubuta alamomin ciwon dalla-dalla, kuma kafin ya zo an riga an cire mata haƙora biyu a banza. Nicolas André na Faransa ya bayyana shi a 1756, John Fothergill na Landan ya yi masa cikakken bayani a 1773. Sun san kamanninsa, ba su da abin yi masa.

Da aka samu maganin sa barci da dabarun kashe ƙwayoyin cuta, likitocin fiɗa suka bi hanyar da ta fi sauƙin ganewa, wato a yanke jijiyar a huta. Da farko rassan waje ake yankewa, amma sukan sake tsiro, ciwon ya biyo su. Sai aka nufi mahaɗarsu, wani ƙulli da ke kwance cikin ɗan aljihu a gindin ƙoƙon kai, ƙullin da ke ɗauke da sunan Gasser na Biyana, aljihun kuma sunan Meckel. A 1892 Frank Hartley a New York da Fedor Krause a Jamus, kowa da kansa, suka buɗe ƙashi ta gaban kunne suka isa ƙullin. A 1901 William Spiller da Charles Frazier a Philadelphia suka koma yanke saiwar jijiyar a bayan ƙullin, inda ba ta sake tsiro. Ciwon ya tafi, wannan ba shakka. Farashin ne ya yi yawa. Rabin fuska kan mutu har abada, mutum ya ciji harshe bai sani ba, abinci ya zubo ta gefen baki. Idon da ya daina jin taɓi yakan daina ƙiftawa in ƙura ta faɗa masa, tantaninsa ya yi gyambo, wani lokaci a rasa idon. Mafi muni, wasu tsiraru sukan wayi gari da fatar da ba ta jin allura amma tana ƙuna dare da rana, kuma wannan sabon ciwon har yau ba shi da ingantaccen magani.

Wasu sun nemi kauce wa buɗe kai gaba ɗaya. A 1912 Fritz Härtel na Balin ya nuna cewa allura za ta iya isa ƙullin ta kunci, ta bi wata ƙaramar kafa mai siffar ƙwai a gindin ƙoƙon kai, wadda reshe na uku ke fitowa ta cikinta. Hanyar tasa ce ake bi har gobe. Matsalar ita ce abin da ake turawa ta allurar. Tsantsar barasa da ake ɗurawa ba ta san iyaka ba, takan malala ta ƙone jijiyoyin da ke maƙwabtaka. Wutar lantarki da Martin Kirschner ya fara amfani da ita a farkon shekarun 1930 ita ma ba ta da linzami, ƙuna ce kawai ba ma'auni.

Juyin da ya haifar da balan-balan ya faru ne a shekarun 1950, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna yadda likitoci ke samun nasara kafin su gane dalilinta. A 1952 Palle Taarnhøj na Kwapanhagan ya zo da sabon tunani: wataƙila matsi ne ke damun jijiyar, saboda haka a tsage tantanin da ya lulluɓe ƙullin da saiwarsa, a ba su sarari, kada a yanke komai. Ya yi, majiyyata suka warke, fuska kuma tana ji. A daidai lokacin, Hunter Shelden da Robert Pudenz a Pasadena ta jihar Kalifoniya suna faɗaɗa kafofin ƙashin da rassan ke bi, su ma da niyyar sassauta matsi, su ma suna samun sauƙi irin wannan. Nan Shelden ya lura da abin da bai daidaita ba. Ayyuka biyu ne a wurare biyu daban na jijiya ɗaya. In da matsi ne musabbabi, ai a wuri ɗaya yake, kuma wanda ya sassauta wani wurin bai kamata ya ga komai ba. Abin da ya haɗa su shi ne kowane likita, kafin ya kai ga sassautawar, sai ya taɓa jijiyar, ya ja ta, ya goge ta da ƙarfe. Ya kuma lura cewa waɗanda suka farka da ɗan dushewar ji a fuska su ne sauƙinsu ya fi daɗewa. A 1955 shi da abokan aikinsa suka wallafa maƙala suna cewa danna jijiyar ne ke kawo sauƙin, kuma suka fara yin hakan da gangan, suna danna saiwar da ƙarfe marar kaifi. A ganina wannan yana cikin tunani mafi tsabta da aka yi a tarihin ciwon, domin mutum ne ya dubi nasarar hannunsa ya ce dalilin da ya ba ta ba shi ne ba. Sai dai hanyar tana buƙatar a buɗe ƙoƙon kai don kawai a danna jijiya, kuma ba kowa ne zai yarda da wannan ciniki ba.

Daga nan abin ya yi sanyi, saboda wasu hanyoyin sun sha gabansa. A 1962 Sigfrid Blom na Suwidin ya nuna cewa kabamazefin, maganin farfaɗiya da kamfanin Geigy na Basel ya haɗa, yana kwantar da ciwon, kuma har yau da shi ake farawa. Amma yana sa jiri da layi, yana iya taɓa jini da hanta, kuma ga mutane da yawa ƙarfinsa kan ragu da shekaru. William Sweet na Boston ya sa wa wutar Kirschner linzami: ana auna zafin bakin allura, ana farkar da majiyyaci a tsakiyar aiki a tambaye shi inda yake ji, shi da abokin aikinsa Wepsic suka wallafa sakamakonsu a 1974. A Stockholm kuma Sten Håkanson ya ci karo da amfanin gilisarin ba da nufi ba, lokacin da yake ɗura shi da garin ƙarfe don yi wa ƙullin alama kafin a haska shi da na'urar Gamma Knife, ya ga ciwon ya tafi tun ba a kunna na'ura ba. Ya wallafa a 1981.

Balan-balan ɗin kansa ba don fuska aka ƙirƙire shi ba. Thomas Fogarty na Cincinnati, wanda ya fara da aikin miƙa kayan tiyata tun yana matashi, ya ga yadda ake tsage jijiyar jini doguwar tsaga don ciro daskararren jini, ana rasa ƙafafu da rayuka. Ya yanko kan yatsan safar hannu ta roba ya ɗaure shi a bakin siririn bututu da irin ƙullin da ya koya wajen kamun kifi. Ana zura shi ya wuce gudan jinin, a kumbura, a jawo. A farkon shekarun 1960 aka fara amfani da shi, ba da daɗewa ba ya shiga kowane ɗakin tiyata. Wanda ya ɗauko shi ya kai gindin ƙoƙon kai shi ne Sean Mullan, haifaffen Arewacin Ireland a 1925, wanda ya yi karatu a Belfast ya kuma yi rayuwar aikinsa a Jami'ar Shikago. Mullan mutum ne mai son yin babban aiki ta bakin allura. Tun 1963 ya fito da hanyar katse ciwon masu kansa ta hanyar soka allura a lakar wuya maimakon a buɗe ƙashin baya. A 1978 ya haɗa abubuwa uku da suke a warwatse: hanyar Härtel, tunanin Shelden, da bututun Fogarty. A 1983 shi da Terry Lichtor suka wallafa sakamakon majiyyata 50 na farko.

Ga yadda aikin yake a kusa. Likita kan sa alama santimita biyu da rabi daga gefen baki, ya sa yatsa ɗaya cikin bakin majiyyaci don kada allurar ta huda ciki ta kwaso ƙwayoyin cuta, ya nufi wurin da layi biyu suka haɗu, ɗaya daga ƙwayar ido, ɗaya daga ɗan gaban kunne. Idonsa na kan allon na'urar hoton ƙashi da ke nuna motsin allurar. In ta kai bakin kafar sai ya tsaya, ya zura bututun Fogarty mai lamba 4 ya wuce cikin aljihun Meckel, ya ɗura ruwan da ke fitowa a hoto, abin da bai wuce mililita ɗaya ba. Abin da yake jira ya gani shi ne inuwar balan-balan ta ɗauki siffar ɗan gora, gindi mai faɗi cikin aljihun, siririn wuya yana leƙawa ta ƙofar da saiwar jijiyar ke fita zuwa ƙwaƙwalwa. In siffar ba ta fito ba, ba a wurin yake ba, sai a zuƙe a sake. A daidai lokacin da matsin ya kama, bugun zuciya kan faɗi ƙasa sosai, wani lokaci ya tsaya na daƙiƙu, sannan jini ya hau. Shi ya sa mai sa barci ke tsaye da allurar aturofin a hannu, wasu asibitocin ma sukan manna na'urar tayar da bugun zuciya a ƙirji tun kafin a fara. Yawanci majiyyaci kan koma gida ran nan ko washegari.

An daɗe ana yin aikin kafin a fahimci abin da ya bambanta shi da ƙuna. Jeffrey Brown na Toledo ta jihar Ohio da abokan aikinsa sun gwada shi a kan zomaye suka wallafa a 1996. Sun ga matsin ya fi lalata manyan zaruruwan jijiya masu rigar kitse, waɗanda ke ɗaukar saƙon taɓi mai sauƙi, ya bar ƙananan zaruruwa marasa riga. Wannan ya yi daidai da halin ciwon, tunda taɓi mai sauƙi ne ke kunna shi. Su kuma ƙananan da aka bari su ne ke sa ido ƙiftawa in an taɓa tantaninsa. Saboda haka wanda ciwonsa ke reshen goshi da ido, inda ƙuna ke da haɗari ga gani, balan-balan ya fi masa aminci. Game da daɗewar sauƙi kuwa, Lichtor da Mullan sun bi majiyyata 100 suka ba da rahoto a 1990 cewa ciwon ya dawo wa kusan kashi 20 cikin ɗari a shekara biyar. Skirving da Dan a Sidni ta Ostiraliya, da majiyyata 496 cikin shekara 20, sun samu kashi 19 a shekara biyar, kusan kashi 32 a tsawon lokacin duka. Nahiyoyi biyu, hannaye daban, alƙaluma kusan ɗaya.

Babbar suka tana zuwa ne daga magadan Peter Jannetta, kuma ba sukar raini ba ce. Masu tarihin likitanci sukan ambaci Isma'il al-Jurjani, likitan Farisa na ƙarni na 12, da cewa ya danganta wannan ciwo da kusancin jijiyar jini da jijiyar ji. Walter Dandy na Baltimore ya ga hakan da idonsa ya rubuta a 1934. Jannetta ne daga baya ya shiga ta bayan kunne da madubin tiyata, ya ɗage jijiyar jinin da ke bugun saiwar, ya sa ɗan matashi tsakaninsu. Rahoton tawagarsa da ya fito daga Pittsburgh a 1996 a kan mutum 1,185 ya nuna kashi 70 cikin ɗari ba ciwo ba magani bayan shekara goma, kuma yawancinsu fuska na ji kamar da. Wannan ya fi abin da balan-balan ke bayarwa, kuma ga mai ƙarfi a jika wanda hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiyar jini kwance a kan saiwar, ni ma nan zan nuna masa. Amma rahoton nan ya ƙunshi mutuwar mutum biyu, da kusan kashi ɗaya cikin ɗari da suka kurumce a kunnen gefen, a hannun ƙwararrun da babu kamarsu a duniya a lokacin. Ciwon kuma na tsofaffi ne, da yawansu da ciwon zuciya ko na huhu, ba za su ɗauki awanni ana buɗe musu kai ba. Ga masu cutar MS da ke cinye rigar jijiyoyi daga ciki, su babu jijiyar jinin da za a ɗage. Ga waɗanda aka buɗe ba a ga komai ba, da waɗanda aka yi wa aikin Jannetta ciwon ya dawo. In aka tara waɗannan ba tsiraru ba ne, kuma gano musabbabi bai ƙare musu komai ba. (Abin sha'awa, a 1989 wani likitan Oxford, Christopher Adams, ya yi jayayya cewa aikin Jannetta ma taɓa jijiyar ne sirrinsa, wato hujjar Shelden ta sake tasowa. Mafi yawan likitoci ba su bi shi ba, kuma ina ganin suna da hujja, tunda masu warkewa da yawa ba su rasa ko ɗigon ji ba.)

Suka ta biyu daga ɓangaren masu allurar zafi take. Suna cewa su suna tambayar majiyyaci, su ƙone reshen da ke ciwo kaɗai, mai balan-balan kuwa yana danne ƙullin duka a kan mutumin da ke barci. Gaskiya ne ba ya zaɓen reshe yadda zafi ke yi, kuma yana da nasa illolin: naman tauna na gefen kan yi rauni makonni ko watanni, ƙuraje kan feso a leɓe, jefi-jefi wani ya riƙa ganin abu biyu na ɗan lokaci. Wanda aka riga aka raunana masa muƙamuƙin ɗaya gefen sai an yi hattara da shi. Sai dai barcin da ake ƙirgawa a matsayin aibi shi ne rahamar aikin. A farkar da dattijo mai shekara 80 da allura a gindin ƙwaƙwalwarsa, cikin magagin magani, a ce ya bambance leɓen sama da gefen hanci, abu ne da ba kowa ke iyawa ba, balle mai nauyin ji, ko mai ruɗewar tsufa, ko wanda ba ya jin harshen likitan. Amsar da aka samu a irin wannan hali ba lallai ta fi inuwar da ke kan allo gaskiya ba.

Sukar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta hujja. Kusan duk alƙaluman da ke hannu daga rahotannin likitoci ne a kan majiyyatansu, kuma kowa yana son hanyar da ya ƙware a kai. Gwajin da ake raba majiyyata da ƙuri'a tsakanin hanyoyin kaɗan ne kuma ƙanana. Wannan aibi ne na gaske, amma ya shafi duka hanyoyin, har da ta Jannetta da hasken Gamma Knife. In aka koma ga abin da ba ya buƙatar ƙuri'a, balan-balan yana da rinjaye a fili: sauƙinsa nan take ne, alhali haske kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya yi aiki, in ciwon ya dawo ana iya maimaitawa, kayan aikinsa allura ne da bututu da na'urar hoton ƙashi irin wadda masu gyaran karaya ke amfani da ita a ɗakin tiyata, ba na'urar miliyoyin daloli ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa aikin ya bazu sosai a asibitocin ƙasar Sin a shekarun baya-bayan nan, kuma shi ya sa ya dace da duk ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci.

Awon da ake nema tun zamanin Krause har yanzu ana tace shi. Mullan da farko yakan bar balan-balan a kumbure minti biyar zuwa bakwai, daga baya ya rage zuwa minti ɗaya da ya ga tsawaitawa na ƙara masu kukan ƙaiƙayi da ƙuna a fuska. Brown ya ƙara ma'aunin matsi a jikin bututun don kada a dogara da ido kaɗai. Asibitoci da yawa yanzu suna tsayawa tsakanin minti ɗaya da biyu a karon farko, su ɗan ƙara in ciwon dawowa ya yi, su kuma gaya wa majiyyaci tun kafin ya kwanta cewa zai farka kuncinsa ya yi nauyi kamar an yi masa allurar cire haƙori, kuma nauyin kan ragu cikin watanni, ko da yake ga wasu ba ya gushewa duka.